Ofishin da Ke Zuƙe Rana

Wani mafarki na yi jiya da dare, wai na shanya kayan 'yata Walida a igiya, ita kuma tana goye tana atishawa, ko riga ɗaya busasshiya ba ta da ita. Na ɗaga kai, sai na ga rana ta ƙanƙance kamar ƙosai.

Wata tsohuwa mai tallar inuwa a ƙwarya ta ce, "'Yan ofis ne, 'yar nan. Duk ƙwan lantarkin da suka kunna, daga jikin rana yake zuƙa."

Sai ga ni a ofishin. Tsakar rana ce, amma an sauke labulen kowace taga, ƙwayaye kuwa sai ci suke. Wata zabuwa mai gilashi tana buga kwamfuta da baki.

Na ce, "Baiwar Allah, ku kashe wutar nan mana. Yarinya mura take."

Ta ce, "Ayya, Maman Walida, mu kunnawa aka ɗauke mu. Kashewa ba a ba kowa ba."

"To, ɗaga labulen."

"Haske ne ya taɓa kashe wa Oga ido, aka sauke."

"Ina Ogan?"

"Ya yi ritaya. Jikansa ne a kujerar yanzu."

Jikan nan kuwa kunkuru ne, sanye da kwat. Ya ce shi ma yana marmarin ganin waje, sai dai kowa jira yake na kusa da taga ya tashi, tagar kuma kullum matsawa take.

Na gyara goyo na bi tagar. Ta tsere bayan kabad, na tare ta da tsintsiya. Walida ta miƙo hannu ta saman kafaɗata ta cafke igiyar labule, yadda take cafke min ɗan kunne. Labule ya naɗe sama. Ni kuma na bi bango ina danne makunnai, taf, taf.

Rana ta kumbura, ta kai faifai, ta kai tire. Zabuwa ta cire gilashi ta ce, "Ashe teburina kore ne!"

Ina miƙa hannu in taɓa rigar in ji ko ta bushe, sai ƙarar fanka ta tashe ni, yaran maƙwabta na ihun an kawo wuta. Na diro daga gado na jona dutsen guga.