Ɗaki Mai Taya da Katangar Malam Sanda

Malam Sanda ya daɗe yana tuƙi a ma'aikatar ayyuka kafin ya yi ritaya. Abin da ya fito da shi, ban da ciwon gwiwa, shi ne wani ɗaki mai taya, irin wanda ake ja da mota, injiniyoyin hanya su kwana a ciki in aiki ya kai su daji. An yi gwanjonsa ya saya, ya ajiye a bayan gidansa a Unguwar Kanawa. Kaji suka mai da shi akurki, ruwan sama da gara suka raba katakon a tsakaninsu. Halin mutum ke nan: ya nace sai ya mallaki abu, in ya samu kuma ya bar wa gara.

Ana nan sai ciwon baya ya kwantar da matarsa Hassana, har zaman mota ya gagare ta. Yayarta Jummai kuwa tana Funtuwa, tsufa ya cim mata, ido ya tafi. Kullum saƙonta ɗaya ne: a kawo mata Hassana ta ji muryarta tun tana da sauran numfashi.

"In zama ya gagara, ai kwanciya ba ta gagara ba," in ji Malam Sanda. Ya aika Hayin Banki aka kira Rabe kafinta.

Rabe ya ɓamɓare kwanon jikin ɗakin, ya soka ƙusa a katako, ta shige kamar a malmalar tuwo.

"Baba, mu lulluɓe da falanki mu shafa fenti. Wa zai gani?"

"Ramukan hanya za su gani. Matata zan ɗora a kai, ba buhun gawayi ba. Cire duka."

Haka aka yi. Duk katakon da aka zare, sai a auna sabo a jikinsa, Malam Sanda da kansa ya shafe shi da baƙin mai saboda gara. Suka canza daɓen, suka toshe rufin da kwalta. Hassana tana kishingiɗe a inuwar mangwaro tana kallo.

"Malam, wannan warin fa? Ko ni ce garar da ake kora?"

"Gara ai ba ta da baki irin naki, Hajiya."

Ta sa aka yi ta kai kaskon turaren wuta ciki har warin ya saduda.

Ran da aka gama, aka shimfiɗa katifa, maƙwabcinsu Alhassan ya kawo a-kori-kurarsa ƙofar gida. Maza suka turo ɗakin har bakin ƙofa, sai ga shi ya fi ƙofar faɗi. Lokacin da ɗakin ya shigo, darnin zana ne ya kewaye gidan. Daga baya Malam Sanda ya zuba garatutinsa ya ja katangar bulo, ya bar ƙofar da babur kaɗai ke wucewa. Katangar nan ko jingina ba ya bari a yi mata.

Ya juya wajen Hassana. Tana danne dariya da gefen mayafi.

"Au, kin sani?"

"Tun ran da Rabe ya zare ƙusar farko."

"Shi ne kika yi shiru?"

"Da na faɗa a ranar, da ka ajiye guduma ka ce Allah bai nufa ba. Na bari sai da ka zuba guminka. Na san ka, Malam, ba ka barin wahalarka ta tafi a banza."

Ya daɗe yana duban katangar. Sannan ya miƙa wa Rabe hannu.

"Ba ni babbar gudumar."

"Baba, bari in..."

"Ni na gina."

Bugun farko nasa ne, na biyu ma nasa, sai da gwiwa ta ce ya isa sannan ya bar wa matasa. Washegari da hantsi suka wuce Kawo a hankali, Hassana na kwance tana leƙen hanya ta 'yar taga. A Funtuwa, Jummai ta lalubi fuskar ƙanwarta da hannu biyu, ta shinshina mayafinta, ta ce, "Ke, a garejin bakanike kika kwana?"

Giɓin katangar kuwa zana aka kafa masa. Malam Sanda ya hana a mayar da bulo, ya ce akwai komawa bayan sallah.