Jinin Jan Zakara

Sau biyu annobar kaji tana share unguwar, sau biyu tana tsallake akurkin Yaya. Kajin maƙwabta wuyansu ya karkace, suka yi ta zawo har suka ƙare, nasa kuwa ko tari. Nan da nan labari ya bazu cewa jan zakaransa jini gare shi mai ƙarfi. Mutane suka fara sallama suna neman ƙwai, wasu har da kazarsu a hammata, wai a bar ta ta kwana biyu wajen zakaran.

Auta tana kallo daga bakin ɗakinta. Ita ta karanci kiwon lafiyar dabbobi, ita ke yawo gida-gida da kular ƙanƙara da 'yar kwalbar rigakafi. Kuma ita ce, duk bayan 'yan watanni, idan Yaya ya tafi shagon ɗinkinsa, take shiga akurkin ta kama kajinsa ɗaya bayan ɗaya ta ɗiga musu a ido, don tsakar gida ɗaya suke kiwo da nata. Tun ranar da ya ce rigakafi ragwantar da kaza yake yi ta daina neman izininsa.

Abin da ya fi ci mata rai Baba ne. Bai taɓa tambayarta yadda aiki yake ba, likitar 'yan tsaki yake ce mata. Amma da baƙo ya shigo sai ya ja shi bakin akurki, yana cewa hannun ɗansa akwai albarka. Ga shi gidajen da take zuwa sun soma sallamarta daga ƙofa. Sun samo irin zakaran, me za su yi da ɗigo? An fi son abin da ba ya bukatar wahala, ko da ƙarya ne.

Sai ta ƙudura wannan karon ba za ta taɓa kajinsa ba, annoba ta zo ta yi mata shaida. Lokacin ɗigo ya yi, ya wuce. Ran nan Yaya ya tare ta wajen famfo, ya sassauta murya.

"Auta, an fa makara. Mantawa kika yi?"

"Ashe ka sani."

Ya yi 'yar dariya ya ce shi ba makaho ba ne, ai ya san ƙullinta a igiyar ƙofar akurki. Ya ce ta ci gaba da nata, shi ya ci gaba da nasa, wa aka cuta?

Washegari da hantsi, Baba na zaune kan kujerarsa, Yaya na gefensa, maƙwabciyarsu mai gawayi ta zo karɓar ƙwai. Auta ta wuce su ta shiga akurkin, ta fito da jan zakara a matse a hammata, ta buɗe masa ido ta ɗiga.

"Ga jinin nasa nan a kwalba, Inna. Tun yana ɗan tsako nake ba shi."

Mai gawayi ta dubi Yaya, ya sunkuyar da kai. Ta mayar da ƙwan cikin kwano a hankali, ta tambayi Auta ko za ta leƙa gidanta yau.

Auta kuwa Baba take kallo. Ya ce, "To, kin kunyata yayanki gaban mutane. Hankalinki ya kwanta?" Ya miƙe ya dafa kafaɗar Yaya, suka shige ɗaki.

Ta saki zakaran, ta rufe kular kada ƙanƙara ta narke, ta bi bayan mai gawayi.