Ƙofar da Ba Ta Karɓar Ƙarfe

Wata shida cur Tejumade Ajibulu ta yi tana koyon aiki a sashen kwamfuta na babban bankin nan na Marina a Legas, hawa na goma sha ɗaya, amma Oga Ekpenyong bai sa mata hannu ko a shafi ɗaya na littafinta ba. Littafin nan kuwa shi ne komai. Jami'a ce ke bayar da shi, ɗaya tak ga kowane ɗalibi, da lamba da hatimi a bangonsa. Duk mako ka rubuta abin da ka koya, shugabanka ya sa hannu a ƙasa. In ka koma makaranta ba sa hannu, ko ka koma ba littafin, to bauta ka yi wa banki, sai ka maimaita shekara. Uwar Teju kuwa, mai ɗinki a Agege, ba ta da ƙarfin wata shekarar.

Mutumin nan, Allah na tuba, ba shi da daɗin zama. Bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke ɗaliba". In ta yi daidai ya ce "hm", in ta yi kuskure duk hawan sai ya ji. Ran Litinin ta ajiye masa littafin a tebur. Ran Juma'a, ranarta ta ƙarshe, ya cillo mata shi kamar mai jefa wa kare ƙashi.

"Riƙe kayanki. Ɗauko jakar aiki, Ikotun za mu. Injinan cire kuɗi na reshen can kwana uku ba su ba kowa ko sisi ba."

"Oga, sa hannun fa?"

"Ki fara gyara inji tukuna."

Baƙin ciki ya hana ta ko buɗe littafin. Ta cusa shi cikin jaka tare da kwamfuta da su sukudireba, ta ja zif har sai da ya cije.

Tun daga kwanar titi suka ji hayaniyar. Mutane sun fi ɗari uku a harabar reshen, tun asuba suke tsaye, kowa da lambar layinsa rubuce da biro a bayan hannu. Ana ganin tambarin banki a jikin mota aka yo kansu. Wani ya dunƙule hannu ya nausa bonet, wani ya fizge madubin gefe ya maka shi da ƙasa. Direba ya sauke su ya juya a guje, bai ko tsaya rufe ƙofa da kyau ba.

Da ƙyar suka kai ƙofar shiga. Kun dai san ƙofar: keji ne na gilashi mai ɗaukar mutum ɗaya, ka shiga, in ba ta ji ƙarfe a jikinka ba ta rufe ka ta buɗe ta ciki. Baba Lamidi, tsohon mai gadin reshen, ya danna maɓallin da ke buɗe ƙofofin biyu lokaci guda, suka wuce da jakarsu.

"Na ƙarshe ke nan yau," in ji shi. "Manaja ya ce in na sake danna shi, ni da aiki mun rabu. Mutanen nan duka za su afko."

A ɗakin bayan injinan, Teju ce ta gano matsalar. Ba wani abin kirki ba ne, ɓera ne ya ci wayar sabis a bayan akwatin da ke haɗa injinan. Ta yanke, ta haɗa sabuwa, fitilu suka koma kore ɗaya bayan ɗaya. Oga Ekpenyong ya duba ya ce, "Hm." Sai wayarsa ta yi ƙara, daga Marina ake kira, ya juya mata baya yana amsawa.

Saura gwaji. Ƙa'idar aikin ita ce, in an gyara inji, sai a zagaya ta gaba a sa katin gwaji na banki a ga ya fitar da kuɗi. Amma kafin nan sai an sauke labulen ƙarfe na rumfar injinan, don kada jama'a su gani. Teju ta yi gwajin nan ya fi sau hamsin, sai dai duk a hawa na sha ɗaya ta yi shi, inda ba mai kallonta sai na'urar sanyaya ɗaki. Ba ta taɓa sauke labule ba, don can babu labule. Gaggawa take a gama a sa mata hannu. Ta ɗauki katin, ta rataya jakar a kafaɗa saboda ba ta yarda ta bar littafin ko'ina ba, ta fita.

Ta ratsa gaban layi da katin shaidar banki yana lilo a wuyanta. Ta sa kati, ta danna. Inji ya yi gurnani ya turo sabbin takardun kuɗi.

Idon kowa ya koma kanta.

"Yarinya," in ji wata mata mai faffaɗar kafaɗa, da alama mai sayar da tattasai ce, don ƙamshinsa na tashi daga zanenta. "Lambarki nawa?"

"Iya, ni ma'aikaciya ce, gwaji ne kawai, yanzu za a..."

Matar ta ɗaga bayan hannunta. Sha huɗu ne a rubuce, gumi ya fara wanke shi.

"Kwana uku ina zuwa nan. Jikana na kwance a asibiti ba magani. Kun ce babu, ashe akwai, na ku ne."

Marin matar ya sauka a kunnen Teju kafin ta ga tahowarsa. Duniya ta yi mata shuu. Wani ya damƙi igiyar katin shaidar ta baya ya murɗa, igiyar ta shige cikin maƙogwaronta, numfashi ya tsaya. Takardun suka watse, mutane suka faɗa kansu suna tattake juna. Ta ji an finciko gashinta, ta ji gwiwa a haƙarƙari, ta faɗi. Ta buɗe baki ta ce gwaji ne, jini ne ya fito maimakon magana. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa sani ba, ta tabbata a nan za ta mutu, a kan simintin Ikotun, saboda wayar da ɓera ya ci.

Sai ta ji muryar da ta tsana wata shida.

"Ku sake ta. Ɗaliba ce, ko albashi ba ta da shi. Ni ne injiniyan, ni na aiko ta. Mai magana ya zo gare ni."

Ƙarya ya yi, bai aike ta ba. Ya fito da taye a wuya da farar riga, ya tsaya a kanta ya buɗe hannuwa. Jama'a kuwa abin da suke nema ke nan tun asuba, babban mutum mai taye. Suka bar ta suka koma kansa.

Ba na son tuna abin da aka yi wa mutumin nan. Aka shaƙe shi da tayensa, aka yage rigar, aka zare masa bel da waya da makullai. Wani saurayi ya kwaɗa masa kujerar roba har ta tsage. Wani ya ɗauko bulo daga gefen kwata. Oga Ekpenyong ya ɗaga hannun dama ya kare kansa, bulon ya sauka a kan yatsun, Teju ta ji ƙarar karyewarsu duk da ihun. Matar tattasai da kanta ta dawo tana cewa ya isa, ya isa, amma wa zai ji ta? A rumfar injina an riga an fasa gilasai, wani ya zo da fetur a gorar ruwa.

Wutar ce ta cece su. Da ta tashi, mutane suka ja baya, Teju ta rarrafa ta kama shi ta hammata ta ja. Nauyi gare shi kamar buhun garin rogo. Ta kai shi ƙofar, ta tura shi cikin kejin. Ba sauran ƙarfe a jikinsa, an kwashe, ƙofa ta karɓe shi. Baba Lamidi ya janye shi ciki.

Ta shiga ita ma. Ƙofa ta yi ƙara, ta ƙi rufuwa. Muryar macen nan da ke cikin na'urar ta ce, a natse abinta, a fita a ajiye duk wani ƙarfe.

"Baba, danna maɓallin."

"Ba zan iya ba, 'yata, ga su nan bayanki. Yar da jakar."

"Littafina na ciki."

"Yar da ita, don Allah."

Ta ja zif, ya cije. Ta sake ja da yatsu masu santsin jini, ya ƙi. Dutse ya daki gilashin kusa da kanta, ya tsage. Mai bulon nan ya taho, ya kama maɗaurin jakar yana jan ta waje da ita gaba ɗaya. Teju ta sunkuyar da kafaɗa ta bar masa. Ƙofa ta rufe, ta ciki ta buɗe. Ta cikin tsagaggen gilashin ta ga ya farke jakar da wuƙa, ya zare kwamfutar, ya wurga sauran cikin wuta.

Sai bayan la'asar sojoji suka watsa taron. A asibiti aka ɗinke mata leɓe, aka ce haƙarƙari biyu sun tsage. Oga Ekpenyong kuwa, likita ya ce yatsunsa uku na dama ba za su sake riƙe biro ba. Ta same shi a kwance, fuska a kumbure, ido ɗaya kaɗai ke buɗuwa. Ta durƙusa a gefen gadon.

"Oga, ban sauke labulen ba. Laifina ne."

"Hm," in ji shi. "Ni ma ban taɓa nuna miki ba. Ina littafin?"

"Ya ƙone."

Ya rufe idon. Ta zaci barci ya ɗauke shi, har ta yunƙura za ta tashi.

"Kin karanta shafin ƙarshe?"

"Wane shafi?"

"Tun ran Laraba na sa hannu. Duka makonni ashirin da huɗun, har da hatimi. Na rubuta a ƙarshe cewa a ɗauke ki aiki in kin gama." Ya juyo da kai da ƙyar. "Ba ki buɗe ba ke nan, Tejumade?"

Ta girgiza kai. Ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙarfen gadon, tana kallon hannunsa da aka naɗe da bandeji har gwiwar hannu, kukan da ba ta yi ba a Ikotun ya zo mata.