Ranar da Aka Aske Mai Aski

Rawar hannun Mai Aski ta fara ne a hankali, har ranar da ya yanki wani tsohon abokin cinikinsa a bayan kunne. Mutumin ya danne wurin da auduga ya ce, "Haba maigida, har da kunnen a cikin askin?" Aka yi dariya a shagon, amma bai sake dawowa ba. Daga baya ko kofin ruwa Mai Aski ya ɗauka, rabi a baki, rabi a riga.

Babbar 'yarsa ce ta matsa masa har suka je asibiti. Likitar ƙwaƙwalwa, wata mace mai sanyin murya, ta ce akwai na'urar da ke harba sautin da kunne ba ya ji, ta tara shi wuri guda can cikin ƙwaƙwalwa, inda rawar take tasowa, ta ƙona ɗan wurin. Ba yanka, ba huda ƙoƙon kai. Za a fara da kaɗan a taɓa wurin, a ga yadda jiki zai amsa, sannan a ƙara ƙarfi.

"To in ya sauka inda ba nan ba fa?" in ji shi.

"Shi ya sa ba za mu sa ka barci ba, Baba. Kai za ka riƙa gaya mana."

Maganar nan ta hana shi sukuni. Da wuƙa ce, ai ya san halinta. Amma abin da ba a gani, ba a ji, ya ratsa ƙashi ya shiga inda hankalin mutum yake?

Ranar aikin, wani nas ya aske masa kai tas, Mai Aski ko ya rasa bakin da zai ce masa ya riƙe rezar a karkace. Aka ɗaure kansa da wani ƙarfe don kada ya motsa, aka kifa masa hula mai ruwan sanyi a ciki, aka damƙa masa wata 'yar roba a hannun hagu, wai ya matse in ya ji ba daidai ba. Sannan gadon da aka kwantar da shi a kai ya zarce da shi cikin bakin na'urar. Rufin ya kusa taɓa masa hanci. Ƙara ta cika ko'ina, ƙwanƙwasa ba ƙaƙƙautawa.

"Za mu fara," muryar likitar ta fito ta lasifika.

Ɗumi ya taso a tsakiyar kansa. Ya ji kamar gadon ya tuntsure da shi baya, yana ta faɗawa ba ƙasa.

"Baba, gaya mini, mece ce sana'arka?"

Ya buɗe baki. Harshen ya yi nauyi kamar ba nasa ba, leɓensa ya mutu ta gefe guda. Abin da ya fito gurnani ne. Ya sake gwadawa, haka dai. Gumi ya keto masa duk da sanyin ruwan. Shi ke nan, ya ce a ransa, na zo neman hannu na rasa baki. Ya matse robar nan da duk ƙarfinsa.

Aka jawo gadon waje. Likitar ta riƙe kafaɗarsa. "Gwaji ne, ba mu ƙona komai ba. Zai sake ka yanzu. Mun ɗan kauce ne, za mu gyara saitin."

Ya kwanta yana motsa harshe, hawaye na gangara masa cikin kunne, har maganar ta dawo. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ku kwance ni."

"In ka ce haka, za mu kwance ka. Amma ɗaga hannun nan ka gani."

Ya ɗaga na dama. Yana rawa, sai dai ba kamar da safe ba. Ya daɗe yana kallonsa.

"Mayar da ni," ya ce.

Kowane zagaye, da ɗumin ya taso sai ya hau surutu tun ba a tambaye shi ba, don ya ji muryarsa tana nan. Da aka gama, aka ba shi alƙalami ya ja layi, layin ya tafi sak.

A ƙofa 'yarsa ta tare shi. Ƙafafunsa na tangaɗi, leɓen bai gama warwarewa ba, likita ta ce sai a hankali.

"Baba, ya jikin? Yi mini magana mana!"

"Riƙe ni tukuna, 'yar nan."

A mota ya ɗora hannun a gwiwa ya kafa masa ido. Duk ramin da suka faɗa hannun ya girgiza, sai gabansa ya faɗi, ya jira ya ga ko zai tsaya. Har suka isa gida bai kalli titi ba.