Ido Na Biyu

"Kada ki faɗa mini!" Baba Kogo ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. "Rubuta abinki ki ɓoye. Sai kin kai ƙasa tukuna."

Ni kuwa bakina ya riga ya buɗe, don na cika ɗari cif, kuma ina so a yaba mini. Sai na haɗiye, na soka fil na goma a jikin soson da ke kwance gefen dutsen.

Baba Kogo maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba shagon ɗinkina da ɗakin karatunsa. Shekara talatin ya yi yana koyar da ilimin duwatsu a jami'a, yana shiga kogunan da ko jemage sai ya yi shawara. Mutanen layinmu suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Ni dai da farko na ɗauka boko ne ya taɓa shi. Mutumin da ke wanke dutse da buroshin haƙori, me za ka ce da shi?

Wata rana ya leƙo shagona ya tarar ina zura zare a allura ba tare da na tsayar da hira ba.

"Tela, idon nan naki na haya ne?"

"Baba, ya danganta da mai hayar."

Haka na tsinci kaina gaban wani dutse mai tsawon kamu biyu, an tsaga shi a tsaye an goge cikinsa sumul. Ya ce a ƙasan kogo ya tsiro. Ruwa ke ɗiga daga sama, kowane ɗigo ya bar ɗan farin gari, har abin ya taso kamar turke. Damina ta bar layi mai haske, rani ya bar mai duhu, biyun nan shekara ɗaya ke nan. Shekarar da aka sha ruwa layinta da kauri, shekarar fari kuwa siriri.

"Na ƙirga su kafin yanar ido ta rage mini gani," in ji shi, yana nuna wata ambulan da ya ɓoye ƙirgarsa a ciki, a ƙarƙashin fitilar tebur. "Amma a aikinmu ƙirgar mutum ɗaya zance ne kawai. Sai wani ya ƙirga nasa daban, bai san nawa ba. In babu ido na biyu, shekara shida da na yi a kan dutsen nan sun bi ruwa."

Ɗalibarsa ta dā ta yi alkawarin zuwa, amma tana wata ƙasa, kullum sai wata mai zuwa. Shi kuma tarin da yake yi ba na mai jiran wata mai zuwa ba ne.

Kullum da hantsi nakan rufe keken ɗinki in shiga. In sunkuya da gilashin ƙara girma, daga sama zuwa ƙasa, kowane layi goma in soka fil. Shi yana kan kujera da bargo a gwiwa, ba ya ganin layukan, amma da na yi sauri zai ji.

"Tela, kin yi tsalle."

"Baba, ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima."

"To yau mudu muke nema."

Haushi yakan kama ni, amma wallahi ban taɓa ganin mai riƙon amanar aiki irinsa ba. Ni da nake ɓoye karkataccen ɗinki a cikin kalmasa, sai na fara jin kunyar kaina.

Wajen ɗari uku na iso wani wuri da layukan suka matse, sirara kamar gashin jariri. Sau huɗu ina ƙirgawa, sau huɗu ina samun daban. Ina cikin wannan fama numfashinsa ya sarƙe, Auta 'yarsa ta kai shi asibiti. Washegari ta miƙo mini makulli ta tagar mota.

"Yaya, ya ce ki ƙarasa. Likita dai bai ba mu kwanaki da yawa ba."

Ranar na zauna ni kaɗai da dutsen da ambulan. Gam ɗinta ya bushe tuntuni, bakinta a buɗe, har ina hango gefen takardar. Na ɗauke ta. Zuciyata ta ce, mene ne a ciki? Ki leƙa, ki kai wa tsoho abin da zai faranta masa, ya tafi da sanyin rai. Wa zai sani? Na daɗe da ita a hannu, har gumin yatsana ya ɓata kusurwarta. Sai na tuna yadda yake toshe kunne. Na mayar da ita, na ɗora mata gilashin ruwansa a kai, na koma wurin da ya matse na bi shi layi-layi da bakin allura.

Kwana biyu na kai ƙasa. Da la'asar na isa asibiti, takardata a jaka, ambulan a hannu. Ya rame har zoben hannunsa yana yawo.

"Baba, na gama."

"To faɗi. Yau kunnena a buɗe yake."

"Ɗari huɗu da goma sha biyu."

Auta ta zaro takardarsa ta duba, ta dube ni, muryarta ta yi ƙasa. "Ɗari huɗu da goma sha biyar."

Wata biyu ina sunkuye, ashe ɓata masa aiki na yi. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, sai na ji yana dariya, dariyar da ta koma tari har Auta ta tallafo kansa.

"Ukun nan, a ina suka ɓace miki?"

"Wurin da ya matse, Baba."

"Ni ma nan na sha wuya. Shekarun da sama ta riƙe ruwanta ne, dutsen ma da ƙyar ya samu abin rubutawa. Mutanen lokacin kuwa Allah kaɗai ya san yadda suka yi." Ya lalubo hannuna. "Da kin kawo mini sha biyar cif, da na ce Auta ta duba ko an taɓa ambulan. Uku cikin ɗari huɗu, 'yata? Ai yanzu aikin ya tsaya da ƙafa biyu."

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Ya sa aka ba shi biro, Auta ta riƙe masa takardar, ya rubuta lambata ƙarƙashin tasa. A gefe ya ƙara da rubutu mai rawa: ido na biyu, tela, maƙwabciyata.

Washegari da hantsi, daidai lokacin da nake rufe keke in shiga wurinsa, Auta ta kira ni. Allah ya jiƙan Baba.

Ɗalibar ta iso bayan sati uku. Ta karanta takardar a tsaye, ta zauna ta sake karantawa, sannan ta tambaya wace ce telar. Ta naɗe dutsen cikin bargonsa ta tafi da shi. Filolina na zare na mayar gwangwani, soson kuwa ba wanda ya nema.

Yana nan a tagar shagona. Da hantsi rana takan faɗo a kansa, ramukan fil su fito a jere, tazara-tazara, sai can wajen ƙasa inda suka matsu da juna.