Bututu Mai Baki Biyu

Yayarta ce ta kira da hantsin Alhamis, murya cike da murna, tana cewa an cire kwaɗon rijiyarsu tun Litinin, sun huta da jigilar ruwa, Allah Ya yi wa ƙanwarta albarka da wannan aiki nata. Alƙaluma, kamar yadda 'yan ofis ke kiranta, ta amsa da amin, ta ajiye wayar. Sai da ta kai kofi bakinta sannan hannunta ya tsaya cak.

Rijiyar su Yaya ita ce ta arba'in da bakwai. Ranar da ɗakin gwaji ya aiko da sakamakon rijiyoyi ɗari uku na kewayen tsohuwar masana'antar batir, ita ta fara dubawa, kuma dalmar da ke cikinta ta ninka abin da aka yarda da shi sau shida. Da yake rijiyar a kulle take, ta bar maganar sai sun haɗu.

Ta jawo kwamfutar. Aikinta a ofishin kula da ruwa shi ne tace lambobin a manhajar ƙididdiga ta R, ta fitar da jerin rijiyoyin da za a buɗe. A gaban ta arba'in da bakwai ta ga sifili, ɗigo, sai wasu sifilan. Haka ta sama da ita, haka ta ƙasa.

Akwai wata alama da masu wannan aiki ke kira bututu. Takan ɗauki lambobi ta miƙa wa umarni na gaba, na asali kuwa suna nan yadda suke. Tana da 'yar'uwa mai baki biyu, %<>%, wadda in ta gama sai ta juyo da sakamakon ta zuba a kan na asalin, ta shafe su. Wannan ta biyun Alƙaluma ta fi so, don tana rage rubutu, kuma da ita ta rubuta layin da ke raba kowace lamba da dubu don sauya ma'auni. Ta bi tarihin umarninta da yatsa har ranar Juma'a. Ga layin nan sau biyu, ɗaya a kan ɗaya. Oga ne ya leƙo a ranar yana neman jerin. Ta juya ta ba shi amsa, da ta dawo ba ta tabbata ta danna ba, sai ta sake dannawa. Na'ura ba ta musu: an ce ta raba, ta raba, dalmar kowace rijiya ta koma kamar babu. Wasu rijiyoyin sun zauna a kulle saboda ƙwayoyin cuta, shi ya sa jerin bai ba kowa mamaki ba.

Ta kira Yaya. Wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira, shiru. Ta ɗauko fayil ɗin ɗakin gwaji ta sake lissafin. Rijiya talatin da ɗaya aka buɗe da bai kamata a taɓa su ba. Biyu a harabar makarantun firamare suke.

Danna ɗaya ya isa ya goge tarihin, gobe a ce laifin ɗakin gwaji ne. Ta daɗe tana kallon wurin. Daga nan ta cire kwamfutar daga caji, ta rungume ta, ta nufi ofishin Oga.

Bai katse ta ba har ta gama. Ya cire tabarau ya ajiye a kan takardar da ke ɗauke da sa hannunsa.

"Kwana nawa ke nan?"

"Huɗu, ranka ya daɗe."

Ya gaya mata a hankali cewa za a kafa kwamiti, kuma ba shi da tabbacin zai iya kare ta, ko ya kare kansa. Amma ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Ya fara kiran makarantun, ya ce a fito da motoci duka, a ɗebo kwaɗuna daga sito. Ita ta roƙi a sa ta a motar da za ta bi layin su Yaya.

Sun tarar da bokitai a jere, ƙasa ta jiƙe sharkaf a kewayen rijiyar. Direba ya miƙa mata kwaɗon, ta ratsa matan da ke layi, ta rufe murfin, ta danna. Yaya ta fito daga gida da kumfar wanki a hannu, autarta na riƙe da zanenta. Ta saurari bayanin, sannan ta dubi yarinyar.

"Mun sha, mun yi girki, har madararta da shi nake damawa. Ke da kika san lissafi, faɗa min, zai yi mata wani abu?"

Alƙaluma ta tsuguna ta shafa kan yarinyar.

"Ban sani ba, Yaya. Sa mata takalmi, ki kira sauran yaran. Yanzu za mu je a ɗebi jininsu."