Haske ko Alƙalami

Uzair ya karɓi finjalin gahawa, ya ajiye a gabansa bai kurɓa ba. Haka Hisham, yayan Hanan da yake nema da aure, ya koya masa. Gidan sun ɗauki al'adar Larabawa: mai neman aure ba ya shan gahawa sai uban yarinya ya ce ya sha, in ya faɗa kuwa, an ba shi ke nan.

Baba Wada, mahaifin Hanan, ya ga finjalin sarai, ya yi kamar bai gani ba. A hanyar Sudan ta zuwa aikin hajji aka haife shi, ya shekara arba'in yana sayar da carbi a unguwar Tandabawi ta ƙasa mai tsarki, kuma kowa ya san wanda ya tsaya sayen carbin riyal biyu sai ya sha karatun awa biyu. Ya gyara zama.

"Ya waladi, ɗana, mene ne Allah ya fara halitta?"

Tun a bakin ƙofa Hisham ya ja wa Uzair kunne, ya ce in tambayar ta zo ya ce Haske, halas, shi ke nan, a tashi lafiya. To amma shekararsa biyar da barin Zariya yana karatu a nan, malamansa Alƙalami suka ce, shi ya rubuta a jarrabawa har ya ci. Yana son Hanan so na gaske, wanda ke hana shi gane layin da yake karantawa. Duk da haka ƙaryar ta ƙi fita.

"Alƙalami ne, Baba," in ji shi da ƙaramar murya.

Hisham ya dafe kai. Tsoho kuwa ya washe baki kamar gonar auduga, abin nema ya samu. Ya tambaya a wane duhu Alƙalamin ya ga abin rubutawa. Ya ce kafin a yi sama, kafin a yi ƙasa, kafin a yi "kafin" ɗin ma, Haske aka fara yi, komai daga gare shi ya ɗigo: Al'arshi, Alƙalamin da ake masa tutiya da shi, dutsen da aka gina unguwar nan a kai, har kyanwar da ke bin shara a unguwar Misfala. Uzair ya kawo hujjarsa cikin ladabi, tsoho ya kawo uku. Gahawa dai ta daina hayaƙi. Bayan labule aka ji cokali ya faɗi, ba sai an tambayi wa ke laɓe ba.

Da Uzair ya ga jirgi na shirin tashi ya bar shi, sai ya sunkuyar da kai.

"Baba, har kyanwa kuka ce?"

"Har ita."

"To har da ɗalibin da ya faɗi ba daidai ba ke nan?"

Tsoho ya ja carbi ƙwaya uku. Shekara arba'in yana wannan karatu, mutane na cewa na'am don su samu su gudu, ba wanda ya taɓa saurara har ya kama shi da bakinsa. Daɗi ya kama shi, ya ɓoye da tari.

Ya ce ranar Juma'a Uzair ya dawo da littattafan nasa duka, don magana ba ta ƙare ba, kuma ba ranar ƙarewarta. Sannan ya dubi finjalin.

"Sha gahawarka."

Ta yi sanyi ƙalau, ga ɗaci. Uzair ya shanye, ya miƙa a ƙara masa.